Yadda Ake Yi Wa Tsohon Keken Hawan Dutse Kuɗi

Idan aka jera wa mutum kekuna biyu, duka an ƙera su a shekarar 1990, duka fentinsu ya koɗe, tayoyinsu sun tsattsage, aka ce ya yi musu kuɗi, abin da zai fara zo masa a rai shi ne tsohon keke ai tsohon keke ne, bambancinsu ba zai wuce na sirdi ko na birki ba. To, a Amurka da ƙasashen Turai al'amarin ba haka yake ba. Ana iya sallama ɗaya a kan dala 100, mai shi ya tafi yana murna an rage masa tarkace, ɗayan kuwa a taya shi dubban daloli mai shi ya ce albarka. Kekunan da ake wannan ciniki a kansu su ne kekunan hawan dutse na farko, watau masu faffaɗar taya da giya da yawa, waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1990.

Maganar ta shafe mu, domin cikin kayan gwanjo da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano akwai tsofaffin kekuna daga Turai da Amurka da Japan, kuma masu faffaɗar tayar nan ba su da wuyar gani a kasuwanninmu. Mai sayar da su yana tsakanin kuskure biyu. Ko dai ya yi rashin sani irin na kazar da ta kwana a kan dami, ya sallama abin daraja a kuɗin ƙarfe, ko kuwa ya ji labarin tsada ya ɗauka duk tsohon keken da ke rumfarsa dukiya ce, ya yi ta ƙin tayi har tsatsa ta cinye shi. Maganin duka biyun shi ne sanin abin da masu tara kekunan nan suke biyan kuɗi dominsa.

Asalin Keken

Ba za a gane darajar kekunan nan ba sai an san inda suka fito. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wata gunduma da ake kira Marin, arewa da birnin San Faransisko, inda wani tsauni yake mai suna Tamalpais. A farkon shekarun 1970 waɗansu samari na wannan yanki suka shiga tsinto tsofaffin kekuna masu kaurin taya, irin waɗanda kamfanin Schwinn na birnin Shikago ya ƙera a shekarun 1930 da 1940, suna cire musu kayan ado suna gangarowa da su daga kan tsaunin. A lokacin kekunan ba su da wata ƙima. Ɗaya daga cikin samarin, Joe Breeze, ya sayi nasa ƙirar 1941 a kan dala 5 kacal.

Ranar 21 ga Oktoba, 1976, aka yi tseren farko a wata gangara kusa da garin Fairfax, wadda tsawonta ya kai kimanin mil 2, zurfin gangarenta kuwa ƙafa 1,300. Charlie Kelly ne ya riƙa shirya tseren. Sun sa wa hanyar suna Repack, ma'ana sake cikawa, saboda birkin tsofaffin kekunan yana cikin cibiyar ƙafar baya ne, kafin mutum ya iso ƙasa giris ɗin da ke ciki ya ƙone yana hayaƙi, dole sai an kwance an sake cika shi. Gary Fisher ne ya fi kowa sauri a wannan hanya, da minti 4 da daƙiƙa 22.

Da yake tsofaffin kekunan suna yawan karyewa, sai Joe Breeze ya zauna ya ƙera sabo musamman domin wannan aiki, ya kuwa ci tseren Repack a kansa a shekarar 1977. Guda 10 ya ƙera a karon farko, ya kira su Breezer, ana sayar da kowanne dala 750. Na farkon cikinsu yana hannun gidan tarihin ƙasa na Smithsonian a birnin Washinton. A shekarar 1979 wani gwanin maƙeri, Tom Ritchey, ya soma ƙera gangar jikin keke, Fisher da Kelly suna haɗa mata sauran kaya suna sayarwa a kan kimanin dala 1,300.

Sa'an nan a shekarar 1981 kamfanin Specialized na Mike Sinyard ya sa aka ƙera masa irin wannan keke da yawa a Japan, ya kira shi Stumpjumper, ya sa masa dala 750. Daga nan abin ya fita daga hannun 'yan tsirarun maƙera ya shiga manyan masana'antu. Kamfanin Shimano na Japan ya fito da kayan giya da birki masu suna Deore XT a shekarar 1982, kamfanin RockShox ya fito da shokozoba ta ƙafar gaba a shekarar 1989. An yi gasar duniya ta farko a garin Durango na jihar Kolorado a shekarar 1990, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta a shekarar 1996.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, cikin shekaru 20 an tashi daga kekuna 10 na hannun mutum ɗaya zuwa miliyoyin kekuna na masana'anta. Duk cinikin da ake yi yau a kan wannan tazara ya dogara.

Su Wa Ke Saye?

Masu saye iri uku ne. Akwai masu tarawa domin tarihi, waɗanda ba hawa za su yi ba, rataye keken za su yi a bango ko su ba da aronsa ga gidan tarihi, kamar gidan tarihin kekuna na Marin da aka buɗe a Fairfax a shekarar 2015. Waɗannan ba su da yawa, amma su ne masu biyan manyan kuɗi. Akwai kuma magidanta waɗanda suna yara a shekarun 1990 suka yi ta kallon kekunan nan a mujallu ba su da halin saye, yanzu hali ya samu suna neman abin da ya gagare su a da. Sai na uku, mafi yawa, masu neman keke mai ƙwari na zuwa aiki da kasuwa, waɗanda suka lura cewa tsohon keken baƙin ƙarfe mai ƙafa inci 26 yana da juriya, gyaransa kuma ba wuya. Na ukun nan ba ruwansu da tarihi, kuɗin keken hawa kawai za su biya.

Saboda haka tambayar farko da mai sayarwa zai yi wa kansa ita ce, a cikin mutanen nan uku wane ne zai so kekensa. Gaskiyar magana kuwa, mafi yawan tsofaffin kekunan hawan dutse na mutum na uku ne.

Wa Ya Ƙera Shi, Guda Nawa Aka Ƙera?

Abu na farko da ke ɗaga kuɗin keke shi ne hannun da ya ƙera shi da kuma ƙarancinsa. Charlie Cunningham na Fairfax ya ƙera kekunan alminiyam da hannunsa, duk abin da ya ƙera bai kai 200 ba, don haka duk wanda ya fito kasuwa ana rububinsa. Haka kekunan Fat Chance na Chris Chance daga jihar Masacusets, da na Klein masu kaurin bututu da fenti mai ɗaukar ido, da na Yeti, da na Merlin waɗanda aka yi da ƙarfen titaniyam.

Amma fa suna kaɗai ba ya wadatarwa. Keken Ritchey wanda Tom Ritchey ya haɗa da hannunsa, ya narka tagulla a kowace gaɓa ya goge ta sumul, ba ɗaya yake da Ritchey wanda aka yi wa walda a masana'anta a Japan ba, ko da yake suna ɗaya ne a jikinsu. Haka nan kamfanin Trek ya saye kamfanin Gary Fisher a shekarar 1993, ya saye na Klein a shekarar 1995, masu tarawa kuwa sun fi daraja waɗanda aka ƙera kafin sayen. Shi ma Raleigh da iyayenmu suka sani suka yarda da shi, ya ƙera kekunan hawan dutse na yau da kullum da yawan gaske, kuma yawan nan ne ya hana su tsada. Irin su Trek 800 da Specialized Hardrock su ma haka, kekuna ne masu aminci, amma ko'ina akwai su.

Akwai hanyoyi masu sauƙi na rarrabe keken kirki da na kasuwa tun kafin a nemi masani. A ɗaga shi: mai kyau ba ya cika wuce kilo 11 zuwa 13, na kasuwa kuwa yakan haura 15. A kanga maganaɗisu a jikin rim, in ya kama to rim ɗin baƙin ƙarfe ne, alamar keke mai araha ke nan. A duba bututun da sirdi yake shiga, sau da yawa akwai 'yar takarda mai sunan kamfanin da ya yi bututun, kamar Tange ko Reynolds ko Columbus ko True Temper. A duba kuma sunan da ke jikin na'urar sauya giya ta baya. Deore XT da XTR na Shimano, da XC Pro na Suntour, su ne na sama. Deore DX da LX suna tsakiya, Tourney kuwa yana ƙasa.

Gyaran Gangar Auzinawa

Abu na biyu shi ne wanda ya fi jawo wa masu sayarwa hasara, domin ya saɓa wa abin da kowane ɗan kasuwa ya saba da shi. A al'ada in za ka sayar da tsohon abu sai ka wanke shi, ka yi masa fenti, ka sa masa sababbin kaya. A wannan ciniki kuwa yin haka gyaran gangar Auzinawa ne. Mai tarawa yana neman keken ne kamar yadda ya fito daga shago, da fentinsa na asali ko da ya kwarzane, da rubutunsa na asali ko da ya dusashe. Da zarar an kankare fentin an fesa sabo, an shafe shaida, kuɗin kuma ya faɗi, ba kuwa za a iya mayar da abin da aka kankare ba. Ga keken Klein, alal misali, fentin nan mai launi biyu ko uku da ke narkewa cikin juna shi ne babban abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Haka batun kayan jiki yake. Sirdi da feda da birki da giya da kan keke, in na asali ne sun fi sababbi daraja a wurin mai tarawa. Taya da sarƙa da wayar birki da robar birki abubuwa ne masu cinyewa, ba wanda zai ga laifin sauya su, amma duk da haka in an cire tsohon abu a ajiye shi a haɗa wa mai saye. Waɗansu kekunan ma, kamar manyan na Klein, an yi musu kai da boris na musamman waɗanda ba su dace da na kowane keke ba, in suka ɓace neman madadinsu yakan ci kuɗi mai yawa.

Ta yaya za a san kayan na asali ne? Kamfanin Shimano yana buga haruffa biyu ƙanana a bayan yawancin kayansa. Harafin farko shekara ce, na biyu wata. A tana nufin 1976, B 1977, haka har a zo O wadda take 1990, P kuma 1991. A wajen wata kuwa, A Janairu ce, har zuwa L wadda take Disamba. Ke nan in aka ga OC, an yi kayan a watan Maris na 1990. Haruffan sun sake zagayowa daga shekarar 2002, don haka sai a haɗa da duban ƙirar kayan. In haruffan da ke jikin giya da birki da cibiyar ƙafa duk suka nuna lokaci ɗaya ko kusa da juna, alama ce mai ƙarfi cewa tare suka fito. In ɗaya ya nuna 1988 wani ya nuna 1995, to keken haɗe-haɗe ne.

Lafiyar Gangar Jiki

Abu na uku shi ne lafiyar gangar jikin keken, wadda masu gyara suke kira firam. Keken hawan dutse an yi shi ne don a wahalar da shi, kuma da yawa sun wahala. A juya shi ƙafafu sama a duba kowace gaɓa a cikin haske. Alminiyam yana gajiya ya tsage, musamman a wuyan keke da wajen da sirdi yake shiga, tsagar kuwa takan yi siririya kamar gashi. Baƙin ƙarfe shi kuma yana tsatsa daga ciki, in aka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje to ruwa ya daɗe a cikin bututun. In aka ga ƙarfe ya tattare a ƙarƙashin wuya, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. A gwada zare sandar sirdi, domin wadda ta shekara 30 ba a motsa ta ba takan manne da bututun, cire ta kuma yakan lalata keken.

Shokozobar zamanin farko ita ma abin dubawa ce. Da yawa daga cikinsu, kamar na Manitou, da guntayen roba suke aiki, robar kuwa in ta tsufa ko dai ta ƙandare ko ta narke ta zama kamar ƙaro. Wannan ba ya kashe ciniki, amma dole a faɗa wa mai saye. Girman keke shi ma yana taɓa kuɗi, domin matsakaici ya fi samun masu nema a kan ƙarami ƙwarai ko babba ƙwarai.

Shaida Da Jabu

Abu na huɗu shi ne shaida. Kusan kowane keke yana da lamba da aka buga a ƙarƙashin mahaɗar feda, kuma da ita ake bin diddigin shekararsa. Rasit na asali, ko littafin da aka bayar tare da keken, ko hoton mai shi na farko a kansa, duk suna ƙara kuɗi. Keken da wani gwani ya yi tsere a kansa, kamar Ned Overend wanda ya ci gasar duniya ta 1990 a kan keken Specialized, ya fi ɗan'uwansa na shago daraja nesa ba kusa ba, amma sai in akwai takarda ko hoto da ke tabbatar da haka. Faɗar baki kaɗai ba ta ƙara ko sisi.

Duk inda kuɗi ya shiga kuwa sai mazambata sun biyo. Buga rubutun kamfani a yau abu ne mai sauƙi, don haka akan samu keken kasuwa an fesa masa fenti an manna masa babban suna. Masana ba rubutu suke dubawa ba. Yanayin walda suke dubawa, da siffar kunnuwan da ke riƙe ƙafar baya, da hanyar da wayar birki ta bi, da tsarin lambar ƙarƙashi. Kekunan sata su ma suna yawo a wannan kasuwa, shi ya sa a Amurka aka kafa rajistar Bike Index a shekarar 2013, inda ake shigar da lamba a ga ko an ba da rahoton sace keken. Lambar da aka kankare ko aka toshe da walda dalili ce ta janye hannu daga ciniki.

Sa Kuɗi Da Sallamawa

Ba wata hukuma da ke yanke farashin tsofaffin kekuna. Kuɗin keke shi ne abin da aka biya a kan irinsa kwanan nan. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin sukan ga wani ya sa wa kekensa kuɗi mai yawa a kasuwar eBay ko ta Facebook su ɗauka farashi ke nan, alhali keken ya yi wata shida ba wanda ya taya. Abin da ya kamata a duba shi ne jerin waɗanda aka riga aka sayar, wanda eBay yake nunawa, a nemi guda 4 ko 5 masu suna ɗaya da shekara ɗaya da lafiya kusan ɗaya, a ɗauki tsakiya. A kuma tuna kasuwa tana hawa da sauka. Lokacin annobar korona a shekarar 2020 kekuna sun yi tsada saboda ƙarancinsu, daga shekarar 2022 kuwa kasuwar kekuna gaba ɗaya ta yi sanyi.

Akwai kuma shawarar ko a sayar da keken ɗungurungum ko a kwance shi a sayar da kayan ɗai-ɗai. Keken da gangar jikinsa ta tsage amma yana ɗauke da kaya masu tsada, kamar XTR na farko ko ƙananan kayan alminiyam masu launi na kamfanonin Ringlé da Cook Brothers, yakan fi kawo kuɗi a kwance. Amma keken da ba kasafai ake samun irinsa ba, wanda yake cikakke da kayansa na asali, raba shi hasara ce ga mai shi da kuma tarihi.

Da yake yawancin cinikin nan ta intanet ake yinsa, mai saye yana tsoron cinikin biri a sama, hoto ne kaɗai zai kwantar masa da rai. A wanke keken da ruwa da sabulu kawai, a ɗauki hotonsa a fili ta ɓangaren sarƙa, sa'an nan a ɗauki lamba da kowace gaɓa da kowane tabo daga kusa. Wanda ya ɓoye aibi zai ga keken ya dawo masa, ga kuɗin aike ya tafi a banza. A lissafa la'adar kasuwar, wadda a eBay takan haura kashi 10 cikin 100, da kuɗin kwali da na aike. Daga ƙasa irin tamu zuwa Turai ko Amurka kuɗin aike kaɗai yana iya cinye ribar matsakaicin keke, don haka ba kowane keke ne ya cancanci a fitar da shi ba. Wanda kuma ya ce ya turo kuɗi fiye da yadda aka yi ciniki, a mayar masa da ragowa, wannan tsohuwar dabarar 'yan damfara ce.

Ga Masu Rumfa Da Masu Gyara

Ga ɗan kasuwar da ya kwance kwantena ko mai gyaran da aka kawo wa tsohon keke, abin da ake buƙata ba ya cin minti 10. Kafin a ɗauki takardar kankara ko gwangwanin fenti, a ɗaga keken a ji nauyinsa, a karanta sunan da ke jikin giya, a juya shi a rubuta lambarsa, a ɗauki hoto a nuna wa wanda ya sani. Sau da yawa amsar za ta kasance keken hawa ne kawai, wannan kuwa ba abin baƙin ciki ba ne, domin keken da ya shekara 30 bai karye ba zai kai yaro makaranta ya kai manomi gona shekaru masu yawa nan gaba. A gyara shi a sallama wa mai buƙata a kan kuɗin da ya dace. In kuwa aka dace da wanda ya fito daga hannun ɗaya daga cikin maƙeran nan na farko, to a bar shi yadda yake da tabonsa da koɗaɗɗen fentinsa, a ajiye shi a inuwa inda ruwa ba ya taɓa shi, a yi haƙuri har mai saninsa ya zo ya taya.